Jaka Uku a Wutsiyar Tafi-da-Gidanka

Levenshulme, Manchester
Ranar Talata

Zuwa ga Walida,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ko da yake bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naki, kuma da hannuna zan tura ta ta ƙarƙashin ƙofarki. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya kai ki Birmingham lafiya ranar Asabar, Ya sa albarka a aikin asibitin da kika samu.

Na san me za ki ce: "Mum, I'm literally next door." Haka ne. Amma ke 'yar fari ce, kuma sunan kakarki kika ci. Yadda aka tashe ni, ko sunanki na yanka ban taɓa kira ba, balle in zaunar da ke in dubi idonki in faɗi abin da ke bakina. Da Hausa na rubuta, don da Turanci na iya kewaye-kewaye. Na san karatun Hausarki a hankali yake. Ki bi shi a hankalin, amma ki gama kafin Asabar.

Jiya da la'asar ina tsaye a tagar kicin ina kallonki kina loda caravan ɗin da kika saya, ɗakin nan mai taya da mota take ja. Ban hana ki sayensa ba, na san hayar Birmingham ta fi ƙarfin mai fara aiki. Na ga kin ɗauki kwalayen littattafanki na uni, guda huɗu, kin wuce da su can ƙarshe, kin jera a banɗakin da ke wutsiya, kin rufe ƙofa.

Makon jiya kuma, da kike gwada hitch ɗin da ya zo da caravan ɗin, wato ƙarfen haɗa shi da mota, irin na Abbanki sak, mai sanduna biyu da sarƙa, kin ce mini, "Kar ki damu, Mum. Abba miscounted, that's all. Ni biyar da biyar zan ƙirga." Kika tambaye ni ina ɗan littafin awonsa. Na ce ban sani ba. Ƙarya na yi miki. Yana cikin ambulan ɗin nan. Kada ki buɗe shi sai kin gama karanta wasiƙar.

Abbanki bai yi kuskuren ƙirga ba, Walida. In kika tafi da wannan tunanin, za ki ƙirga zoben sarƙarki biyar da biyar, hankalinki ya kwanta, ki hau babbar hanyar M6 da kwalaye huɗu a wutsiya. Abin da ya same mu zai same ki.

Bari in faro miki daga farko.

Ina da shekara sha huɗu na fara karanta littattafan soyayya, a wani shagon haya da ke bakin layinmu a Kano. Ina da sha takwas na auri Abbanki, da yardata da murnata. Kina tatata muka biyo shi Manchester yana karatun digirinsa na uku. Yakan fita da safe, ya bar ni da ke da ruwan sama a wani flat a Hulme. Littattafan nan su kaɗai ne suke yi mini Hausa daga safe har magariba. Duk wanda zai zo daga gida, ba na cewa ya kawo kuka ko daddawa, littafi nake cewa. Da su na koya miki karatun Hausa. Kafin ki cika sha biyu sun cika jaka uku, irin manyan nan masu zanen ja da shuɗi da muke zuwa da su daga gida.

A shekarar ne gwamnati ta shiga yanke-yanken kuɗin nan. Aka rufe wurin wasan yara na unguwarmu, laburare ya koma buɗewa rabin mako. Ɗakin binciken da Abbanki yake aiki a uni aka ce ba za a sabunta masa kwantiragi ba. Mai gidanmu ya ce zai sayar da gida. Da ƙyar Abbanki ya samu aikin wata tara a Birmingham, a wani kamfanin gwajin ƙarfe. Shi niyyarsa ya kama ɗaki ɗaya can, mu kuma mu raɓa a gidan Hajiya Rabi a Moss Side har ya samo mana wuri.

Ni na kawo maganar caravan. Na ji wata mata a bas tana cewa akwai manomi a bayan Birmingham da yake barin mutane su ajiye nasu a gonarsa. Kafin in sauka daga bas ɗin nan na gama gina gidana a kaina: ni a bakin taga, ciyawa kore shar, shayi yana tururi, littafi a cinyata, mijina yana dawowa ta cikin gona. Na yi ta yi masa naci har mako biyu. Ya ce, "Maman Walida, abin nan ba a littafi yake ba, a kan titi yake." Na yi kuka. Ya sayo. Wani tsohon Bature ne ya sayar masa, irin na Amurka, da hitch ɗinsa. Ranar da ya kawo shi ya tsaya ya kalle shi ya ce, "To, yau ga tafi-da-gidanka na gaskiya, ba waya ba, ba kotu ba." Sunan ya bi caravan ɗin.

Wannan shi ne kuskurena na farko. Na so hoton abu, ban tambayi nauyinsa ba. Ke ba ki da mafarkina, ke 'yar Abbanki ce, amma na ga yadda kika zaɓi labulen caravan ɗinki kafin ki duba shekarun tayoyinsa. Ki duba. Ki duba littafin motarki kuma, ki ga ko an yarda a ɗaura mata irin wannan hitch ɗin, da iyakar nauyin da aka ce ta ja. In littafin ya ce a'a, to a'a ne, ko da kin riga kin saya.

Abbanki ya so ya koya mini yadda ake ɗaura shi. Wata Lahadi ya kai mu filin ajiye motoci na wani kanti da ya rufe, don ƙasar wurin a miƙe take. Ya ce, "Kin san amalanken shanu?" Na ce a'a, ni 'yar birni ce. Ya ce a ƙauyensu mahaifinsa ba ya barin kowa ya loda masa amalanke. In ka tara kaya a gaba, karkiya ta danne wuyan shanu su kasa tafiya. In ka tara a baya, karkiya ta ɗaga ta shaƙe su, amalanke ya riƙa wasa da su. Kaya masu nauyi a kan tayoyi suke zama, da ɗan rinjaye ta gaba. Ya ce, "Motarmu ita ce saniyar. Sandunan nan biyu aikinsu su ɗebe nauyin da ya danne bayan mota su raba, wani ya koma tayoyin gaba, wani ya koma tayoyin caravan. Amma abin da aka ba su shi suke rabawa. Ba sa gyara mugun lodi."

Ya ba ni tef in riƙe. Na riƙe da hannu ɗaya, ɗaya hannun yatsana yana cikin littafi kada shafi ya ɓace mini.

Ya ce, "Nawa?"

Na ce, "Saba'in da ɗaya. Ko da biyu."

Ya ɗago kai daga gindin taya. "Ko? Babu ko a awo, Maman Walida."

Na ce, "To ai kusan ɗaya ne."

Ya ce, "Jarumin littafin nan naki ya iso gidan su yarinyar? In ya iso ki ce ya zo ya riƙe mini tef, wataƙila shi ya yi makaranta."

Na yi dariya, ya yi dariya, na koma mota na ƙarasa babina. Duk abin da ya faɗa ranar ya shiga ta kunnen nan ya fita ta wancan. Sai bayan rasuwarsa na koye shi daga ɗan littafin nan, na yi ta karantawa har na haddace. Ga shi, yadda ya tsara.

Ki loda komai tukuna, mota da caravan, yadda za su yi tafiya. Sannan ki nemi wuri mai miƙaƙƙiyar ƙasa. Layinmu bai yi ba, yana gangarawa wajen Stockport Road. Kafin ki haɗa su, ki auna daga ƙasa zuwa bakin ƙarfen da ya rufe tayar gaba ta mota, ki auna ta baya, ki rubuta. Kada ki ce za ki riƙe a ka. Ki daidaita caravan da ƙaramar tayarsa ta gaba, mai hannun murzawa, har ya tsaya sak, ba ya duƙawa ba ya ɗagawa. Ƙwallon ƙarfen da ke bayan mota ya zo daidai da tsayin bakin caravan, ko ya ɗara shi kaɗan. Ki auna nauyin hancin caravan, wato nauyin da bakinsa zai ɗora wa mota. Abbanki da sikelin banɗaki da guntun katako yake yi. Ki gwada da abin da littafin mota da na caravan suka ce. Hanci mai nauyi da yawa matsala ne, amma hanci marar nauyi shi ne mai kisa.

In kin ɗora bakin a kan ƙwallon kin kulle, za ki ga bayan mota ya zauna, gabanta ya ɗaga. Ki murza ƙaramar tayar ta ɗaga su duka biyun kaɗan, sannan ki maƙala sarƙoƙin sandunan, zobe daidai da zobe, dama da hagu. Kada ki yi da ƙarfin tuwo. Ki sauke, ki sake aunawa. Gaban motar ya dawo kusa da inda yake da farko, kada ya yi ƙasa da haka. Sandunan su kwanta a layi ɗaya da ƙarfen caravan. In bai yi ba, ki ɗaga, ki canza zobe, ki sake. Ranar nan sau huɗu Abbanki ya sake. In za ki kwance kuma, ki fara ɗagawa da tayar kafin ki saki sarƙa, kuma kada ƙafarki ta kasance a ƙarƙashin sanda. A ɗaure take kamar baka.

A ƙasan shafin ya ja layi biyu a ƙarƙashin magana ɗaya: in an ƙara ko an matsar da kaya, a sake awo daga farko.

Ranar Juma'a za mu tashi. Tun Laraba ya ce mini littattafai ba za su je ba, an cika nauyi, a kai su ɗakin ƙasa na gidan Hajiya Rabi. Na san ɗakin nan. Na taɓa ganin takalmin da ya yi wata uku a ciki, ya yi furfurar danshi. Na ce masa to. Ban ce masa ba zan iya ba. Ban ce masa in aka raba ni da su a gonar da ban san kowa ba zan haukace. To kawai na ce, irin to ɗin da aka koya mana.

Ranar Juma'ar da hantsi ya gama lodi, ya auna hanci, ya ɗaura, ya auna, ya rubuta. Ya wanke hannu ya tafi masallaci da ƙafa. Ke kina gidan maƙwabta kina sallama da ƙawarki. Jakunkunan uku suna tsakar falo suna jiran mijin Hajiya Rabi ya zo da yamma ya ɗauka, an bar masa mukulli wajen maƙwabta.

Na tsaya ina kallonsu. Sai na kama ta farko na ja ta a ƙasa, don ba ta ɗaguwa. Na ja ta biyu, na ja ta uku. Tsakiyar caravan a cike take da kayan da ya tsara, kuma nan idonsa zai fara sauka. Na wuce da su can wutsiya, na tura ƙarƙashin gado, na rufa da bargo. A raina har ina jin daɗi, wai in mun isa zan fito da su ya yi dariya ya ce na fi ƙarfinsa. Haka ake yi a littafi.

Da ya dawo ya tsaya daga nesa yana kallon motar. Ya ce, "Bayan nan kamar ya ɗan ɗaga. An taɓa wani abu?"

Na ce, "Wa zai taɓa?"

Ya ce, "Bari in ɗauko tef."

Na ce, "Haba Abban Walida, tun safe kake awo kamar tela. Ga ruwa ya fara, ga yarinya ta gaji. Mu tafi mu isa da rana."

Ya dubi sama, ya dube ni. Ya mayar da tef aljihu.

Ki tsaya a nan, Walida, ki sake karanta wannan wurin. Idonsa ya gaya masa gaskiya, ni na ƙaryata idon. Duk ranar da idonki ya ce miki wani abu ya canza, ki auna, ko wa yake gaggauta ki, ko ni ce. Kuma duk wanda ya auna kaya ya amince, kada ki ƙara masa ko allura a ɓoye. Da hanci ya yi sauƙi, sandunan nan da ya ɗaure don nauyin farko suka ci gaba da ɗaga bayan motarmu, tayoyin baya suka rage kama ƙasa. Abin da ya ɗaura don ya tsare mu, ni na juya shi ya zama abin cutarmu.

Sauran kin san wani, ba ki san wani ba. Mun wuce Stoke, a wata gangara, babbar mota ta wuce mu, iskarta ta bugi caravan. Na ji motar ta yi wani lilo a hankali, dama, hagu. Na biyu ya fi na farko. Na duba madubi na ga tafi-da-gidanka yana leƙowa ta gefe ɗaya, ya koma ya leƙo ta ɗayan. Abbanki ya ɗage ƙafa daga totur, ya riƙe sitiyari da hannu biyu, yana cewa, "Ku yi shiru, ku yi shiru, zai lafa." Abin da ya kamata ya yi ke nan. Ni kuwa na ƙwalla ihu, "Birki! Ka taka birki!" na cafke hannunsa na hagu. Sitiyari ya karkace. Ya taka.

In caravan ya fara wannan lilon, ki ɗage ƙafarki daga totur a hankali, ki riƙe sitiyari a miƙe, kada ki biye masa dama da hagu, kada ki danna birkin mota da ƙarfi, kada ki ƙara gudu. Ki bar gudun ya mutu da kansa, ki samu wuri ki tsaya ki sake lodi. Duk wanda zai zauna a gefenki ki gaya masa tun kafin ku tashi: hannunsa a cinyarsa, bakinsa a salati.

Caravan ya kife, ya ja mu muka daki ƙarfen gefen titi ta ɓangaren Abbanki. Ke kika samu tabon nan na girarki. Ni ko ƙwarzane. Na fito na tsaya a cikin ruwa. Wutsiyar caravan ta fashe, littattafaina sun watsu a kan M6, ja da rawaya da ruwan hoda, iska tana buɗe shafukansu. An ɗaure wuyan Abbanki a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, fuskarsa tana kallon sama. Allah Ya yafe mini, a cikin wannan halin abin da ya zo raina shi ne: bai gani ba. Wata 'yar sanda ta tambaye ni ko a tattara mini su. Na ce a zubar.

Wata biyu ya yi a asibiti. 'Yan uwanmu na Manchester suka yi ta zuwa dubiya. Ina zaune a gefen gado Alhaji Sani ya tambaye shi, "Dakta, wai me ya faru ne?" Abbanki ya ce, "Zobe na yi kuskuren ƙirgawa, Alhaji. Dama biyar, hagu shida." Alhaji Sani ya ce, "Injiniya guda, da digiri uku, ka kasa ƙirga biyar?" Aka yi dariya don a sauƙaƙa masa. Daga ranar ya zama Dakta Biyar-da-Shida. Kin sha ji ana kiransa haka a walima da filin idi, yana dogara sanda yana amsawa da murmushi. Ni kuma ina zuba musu zoɓo.

Na yarda da maganarsa, don ina so in yarda. Na ce wa kaina wataƙila da gaske ya yi kuskuren, wataƙila littattafan ba su ne ba. Aikin Birmingham ya tafi. Bai sake tuƙi ba, bai sake shiga ɗakin bincike ba. Kin tuna ranar da muka raka shi wajen masu tantance naƙasa, wata yarinya da kwamfuta tana tambayarsa ko zai iya ɗaga kwali marar komai, aka ce lafiyarsa ƙalau? Ya ƙare a teburin karɓar baƙi na wani ofis, yana miƙa wa mutane biro su sa hannu. Shekara bakwai ina shafa masa man zafi a baya. Sau nawa na buɗe baki, sau nawa na rufe. Kullum sai in ce sai ya ɗan warware, sai kin gama jarrabawa, sai bayan azumi.

Na daina karatu shekara guda cur. Ko takardar likita ba na son gani. Wata rana ya dawo daga aiki ya ajiye mini leda a kan cinya. Littattafai ne sababbi guda biyar, ya sa wani ɗalibi ya taho da su daga Kano. Ya ce, "Gidan nan ya yi shiru da yawa. Na saba ina magana ana ce mini bari in ƙarasa shafi." Na karɓa, na ce a raina lallai bai sani ba.

Shiru shi ne kuskurena mafi girma, ya fi jakunkunan nauyi. Na bar mutum ya ɗauki sunan da ba nasa ba har kabarinsa. Ciwon da ya ɗauke shi daban ne, kwana ne ya ƙare, ban ce ni na kashe shi ba. Amma damar in ce masa ka yafe mini, ni na kashe ta da hannuna. In kin yi wa mutum laifi, Walida, ki faɗa tun yana da zafi. Ranar da ta dace ba ta zuwa. Na jira ta shekara bakwai.

Bayan na fita takaba na shiga ɗakin ajiya na bayan gida ina share-share. Na tarar da akwatin da ya zuba ragowar hitch ɗin, sandunan sun lanƙwashe. A ƙarƙashinsu akwai leda a ɗaure. Ɗan littafin awonsa ne a ciki, da littafina guda ɗaya, ya sha ruwa ya kumbura, da sawun taya a bangonsa. Ban san yadda aka yi ya zo hannunsa ba. Wataƙila masu janye motar ne suka haɗo da shi.

Na buɗe shafin Juma'ar nan. Ga awon gaba, ga na baya, ga nauyin hanci. Dama biyar. Hagu biyar. A ƙasa, da wani biro daban, da rubutun mai ciwon baya, ya ƙara layi ɗaya:

"Da na ba ta wuri a kan tayoyi, da sun je lafiya."

Na zauna a ƙasan ɗakin nan har aka kira la'asar. Ya sani tun daga farko. Ya ƙirƙiri zobe na shida don kada a nuna ni da baki a Moss Side, don kada ke ki girma kina kallon tabonki kina kallona. Ko a takardar da ba wanda zai gani, bai rubuta laifina ba, nasa ya nema ya rubuta. Na karanta labaran soyayya sun fi ɗari biyar, ina neman irin mijin da ke cikinsu. Babu ɗaya a cikinsu da ya yarda a yi masa dariya shekara bakwai.

Shekara biyu ke nan ina ɓoye littafin nan a ƙarƙashin zannuwana. Da kin zaɓi jirgin ƙasa da ɗakin haya, wataƙila da na mutu da shi. Ba jarunta ce ta sa na rubuta ba, kwalayenki huɗu ne.

Ban ce ki bar littattafanki ba. Na san me suke a wurinki, kuma na san don bayan Abbanki kika zaɓi aikin gashin ƙashi. Ki tafi da su. Ki fito da su daga banɗakin nan, ki jera su a ƙasa a kan tayoyi, ki tokare su kada su zame. Abin da ya yi yawa ki sa a mota, ko ki bari in kawo miki a bas. Wata rana in Allah Ya haɗa ki da abokin zama, ki tambaye shi abin da ba zai iya bari ba, ki gaya masa naki, ku nema musu wuri tun kafin a yi awo.

Ranar Juma'a bayan masallaci zan je gidan Alhaji Sani in gaya masa, a gaban matarsa, don a daina kiran sunan nan. Har a addu'ar da aka yi masa bara sai da na ji wani ya faɗa. Na san zuwa Lahadi labarin ya gama Manchester. Ya gama. Amma ke ya kamata ki fara ji, kuma daga hannuna.

Ban ce ki yafe mini kafin Asabar ba. Tabon a fuskarki yake, uban naki ne, ke ke da ikon fushinki. In kin ga dama ki yi wata shida ba ki kira ni ba, zan jira. Abu ɗaya nake roƙo. Ranar Asabar da safe zan fito da sikelin banɗaki da guntun katako da tef ɗin Abbanki. Mu je filin kantin nan, har yanzu a rufe yake, ƙasar kuma a miƙe. Ba sai kin yi mini magana ba. Ke ki duƙa a gindin taya, ki riƙe biro, ki rubuta a shafin da ke bin nasa. Ni zan riƙe tef da hannu biyu, in faɗa miki lamba. Babu ko.

Allah Ya jiƙan Abbanki, Ya haskaka kabarinsa, Ya saka masa da abin da ban iya saka masa ba. Ke kuma na ba wa Allah ajiyarki, Shi da ajiya ba ta ɓata a wurinsa. Ya daidaita miki hanya, Ya tsare ki daga iskar manyan motoci da gaggawar masoya, Ya sauke ki lafiya, Ya dawo mini da ke lafiya. Amin.

Wassalam.

Mamanki